Amsar Safara'u a Bakin Taga

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Kwanar Dangora, a shekarun farko bayan an tare ruwa a Tiga, ya san Safara'u ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama can ƙarshen layi kusa da masu gishiri, wadda ba ta kiran mai saye, ba ta kuma jan ciniki. In ka taya ta ce albarka, to ka je ka zaga kasuwa ka dawo, abin da ta faɗa ɗazu shi za ka tarar. Abokan zamanta kan yi mata tsiya, wai kifin da ke cikin kwandonta ya fi ta surutu.

Ba da kifi ta tashi ba. A gefen dajin Falgore aka haife ta, uwarta Bafillatana, ubanta manomi, aka kai ta aure Marke, wani ƙauye a bakin kogi, gidan wani mutum mai haƙuri da ake kira Datti. A Marke daddawa take yi, kuma har daga Bebeji ake aikowa saye. Shekarar da aka tashe su, sai aka nuna musu wani tudu mai tsakuwa aka ce nan ne sabon gari. Ruwa ya riƙa hawa a hankali, ya ci fadama, ya ci maƙabarta, ya ci itatuwan ɗorawa goma sha ɗaya da ta san halin kowacce. Datti bai cika shekara a kan tudun ba ya rasu. Mazan garin da ba su taɓa riƙe komai ba sai fartanya suka koyi jefa taru a wajen baƙin masunta, ita kuma ta gina murhun banda a bayan ɗaki ta shiga shan hayaƙi.

'Ya'yanta huɗu ne. Mata uku, duk suna ɗakin mazajensu, sai namiji ɗaya, Jibrin, wanda shi ne ɗan fari.

A tarbiyyar da Safara'u ta samu, uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in baƙo ya tambayi ɗan wa ne sai ta nuna wata. Kowa a ƙasar yana yin wannan kunya, amma yawanci in ɗa ya girma akan sassauta. Safara'u kuwa ta ɗauko tata ne daga rugar kakanninta ba a rage mata ko ƙwaya ba, ga shi kuma yaron sunan surukinta ya ci. Da aka yaye shi sai aka miƙa shi ga Dije, yayar Datti, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Dije mace ce mai baki, in tana dariya har ƙarshen unguwa ana ji. Ita ta goya shi, ita ta sha fama da ƙyandarsa, ita yake kira Gwaggo ya faɗa jikinta. Safara'u kuwa Inna yake ce mata, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya.

Kada wani ya ce ba ta son sa. Ta fi son sa a kan 'yan matan nan uku a haɗe, kuma Dije ta sani sarai. Darni ɗaya ne ya raba gidajen biyu tun a Marke, kuma akwai wata kafa a jikinsa da kullum in an toshe sai a tarar ta sake buɗewa, daidai tsayin idon doguwar mace. Datti ya yi ta zargin awaki har ya gaji ya bari.

Lokacin aikin dam Jibrin ya shiga a matsayin lebura. Wani babban ma'aikaci ya ga yana da hannu, ya ja shi wajen masu walda, cikin shekara uku ya fito da takardar shaidar sana'a mai hatimi. Da aiki ya ƙare, sai labari ya zo cewa wani kamfanin gine-gine yana ɗaukar masu sana'a a Kano zuwa Jidda, masu walda da kafintoci da direbobin manyan motoci, kuma kamfanin ne zai nema musu izinin shiga da na zama. Jibrin ya je gwaji, ya haɗa musu ƙarfe biyu, aka rubuta sunansa. A bazarar 1975 ke nan.

Kwana biyar kafin tafiyarsa Safara'u ta taka har Kiru neman kalwa, don ta tudunsu babu. Ta dafa, ta wanke, ta rufe, ta daka, ta ƙulla daddawar a ganye ta miƙa wa Dije ta kan darni.

"Adda, ki sa wa yaronki a akwati. An ce can ba su san miya ba."

Ranar tafiya ya zo ya durƙusa. "Inna, zan tafi. A sa mini albarka."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji ta. Iyakar abin da ya samu ke nan, ya kuma tashi da shi yana murmushi, don bai saba da fiye da haka ba.

Shekara biyu wasiƙu suna zuwa. Malam Adamu liman ke karantawa a tsakar gidan Dije, mata sun cika, ita kuwa Safara'u kullum a daidai lokacin ne take tuna tana da gyaɗar ɓara a gindin darni. Ta ji labarin teku, da zafin da ke sa ƙarfe ya ƙona hannu tun kafin a kunna wuta, da yadda fasfo ɗinsu ke ajiye a ofishin kamfani. Ya aiko hoto sanye da hular ƙarfe. A ɗakin Dije aka rataye shi, sai ga Safara'u ta zama mai yawan zuwa aron maburgi.

A daminar 1977 wasiƙar da ta zo ba da hannunsa aka rubuta ta ba. Wani abokin aikinsa ne ya rubuto, tare da wata takarda ta Larabci mai hatimi biyu. Malam Adamu ya karanta a zuci tukuna, sannan ya ce a kira Safara'u ta shigo, yau ba ta bayan darni ba. Jibrin ya faɗo daga hawa na uku, bayansa ya karye, ƙafafunsa ba sa motsi, likita ya ce ba a ɗaga shi a sa a jirgi. Kamfani ya samo izinin ziyara na mutum ɗaya, kuma doka ta ce sai uba, ko uwa, ko mata. Uba ya rasu, mata bai riga ya yi ba. An tambaye shi sunan wa za a sa, ya ce Safara'u. Takardar wata biyu take aiki.

Dije ta ɗaga kai. Ta dubi hoton da ke bango, ta dubi ƙasa. Can ta share fuska da gefen zani ta ce, "Gaskiya ya yi. Tashi ki shirya, ke ya kira."

Safara'u ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado. Tsoro ne ya cika ta, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi da ta ji kunyarsa ita kaɗai a ɗaki. Shekara ashirin da bakwai tana nuna wata, shi kuwa da aka tambaye shi ita ya nuna.

Wada, ƙanin Datti, shi ya ajiye tarunsa ya ɗauki wahalar kai ta Kano. Mako uku suka yi suna hawa motar itace suna sauka, yau fasfo, gobe allura, jibi a ce mai sa hannu ya tafi jana'iza. Wajen hoto kaɗai sai da aka ɓata fim huɗu, don mai hoto ya ce ta dube shi ido cikin ido, ita kuwa tun da take ba ta taɓa yi wa baƙon namiji haka ba. Duk ta jure. Da fasfo ya fito ta naɗe shi a ɗankwali biyu ta ɗaure a ƙugu.

Ofishin da ake buga izinin shiga yana da layi biyu, na maza daban, na mata daban, saboda haka Wada ya tsaya a waje gindin wata dalbejiya. A layin mata, bayan Safara'u, akwai wata tsohuwa daga Tudun Wada, wadda da suka gaisa ta gano ta san dangin Datti kaf, har ta taɓa cin tuwon sunan wani a Marke. Abin da Safara'u ba ta sani ba shi ne a lokacin dillalai sun ɓata hanya, suna kawo mata suna cewa iyayen ma'aikata ne, in sun shiga ƙasar su ɓace cikin aikatau. Don haka ma'aikacin da ke bayan taga, wani Balarabe mai farar riga da ba ya jin Hausa, ya daina yarda da takarda kaɗai. Sai ya yi tambaya ta bakin tafinta, yana kallon fuskar mai amsa.

Layi ya zo kanta. Tafinta ya karɓi fasfo da takarda.

"Iya, sunanki?"

"Safara'u."

"Wajen wa za ki?"

"Wajen mara lafiya."

"Yaya sunansa?"

Ta ji numfashin tsohuwar nan a bayan wuyanta. "Yana nan cikin takarda."

"Na gani a takarda. Daga bakinki ake son ji."

"Sunan surukina gare shi."

Tafinta ya juya ya faɗi wani abu, mai farar riga ya ɗaga gira ya sake magana. Tafinta ya ce, "To, ya ce ɗanki ne?"

Ba tunani ta yi ba. Amsar fitowa ta yi da kanta, yadda lafiya lau ke fita daga bakin mara lafiya in an gaishe shi. "Ɗan Adda Dije ne."

Tafinta ya juya maganar kafin shi ma ya ankara. Sai ya dawo da sauri. "Iya, tsaya. Ba ke kika haife shi ba?"

Safara'u ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya. Tsohuwar Tudun Wada ta kwashe da dariya ta ce, "Kai ɗan nan, wa ke yi wa mace irin wannan tambaya a bainar jama'a?" Matan layin suka taya ta dariya, dariyar yabo, don sun ga mace mai tarbiyya. Mai farar riga kuwa abin da ya gani daban ne. Ya ga mace ta kasa faɗin sunan wanda za ta je wajensa, ta ambaci wata uwa, ta ɓoye fuska, 'yan layi na dariya. Ya jawo wani babban littafi ya yi rubutu, ya buga hatimi a fasfo ya turo.

Ta karɓa da hannu biyu, har da rusunawa. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta fito da sauri tana neman Wada, fuskarta a sake yadda bai taɓa gani ba. Shi ma ya ce alhamdu lillahi. Sai da suka kai wa wani mai rubutun wasiƙa a bakin titi don ya faɗa musu ranar tashi, mutumin ya juya fasfo ɗin ya ce, "Ai hana ta aka yi."

Wada ya dube ta. "Yaya, me kika ce musu?"

Ta faɗa masa, kalma bayan kalma, don ba ta ga inda ta yi kuskure ba. Sai da ta kai ƙarshe ta ji maganar da kunnenta. Ta zauna a ƙasa nan bakin titi, masu keke na kauce mata.

Da azahar tafinta ya fito salla, Wada ya tare shi. Mutumin bai yi musu wulaƙanci ba, kuma wannan ya fi ciwo, don babu wanda za a zaga. Ya ce, "Na san kunya ce, tawa uwar ma har ta mutu ba ta kira yayana da suna ba. Na yi masa bayani, ya ce kowa ma in an kama shi yana da al'ada. Abin da aka rubuta a littafin nan ni ba ni da ikon gogewa."

Suka koma gida suka karɓo takardar dagaci. Malam Adamu ya rubuta shaida da hannunsa, ya ce in rantsuwa ake so zai zo ya dafa Alƙur'ani. Suka sake hawa mota. Tun daga Kwanar Dangora har Kano leɓunan Safara'u na motsi, Wada ya zaci tasbihi take yi, ashe kalma biyu take maimaitawa don kada su maƙale in an sake tambaya. Kwana uku tana tsaye a bakin ƙofar ofis da su a baki. Mai gadi ya karɓi takardun ya shiga da su, ya fito ya ce a jira. Ba a sake kiranta tagar ba, har wa'adin takardar Jidda ya cika.

Tafintan ne ya ba Wada shawara ta ƙarshe. Ya ce ko an aiko sabuwar takarda da sunan Safara'u, littafi za a buɗe a ga abin da ta faɗa da bakinta. Amma littafin ya ce uwar yaron wata Dije ce. In Dijen tana raye, a rubuta wa kamfani a sa sunanta.

Wada ya kawo maganar gaban matan biyu, yana kallon ƙafarsa. Dije ta tashi tsaye. "Wallahi ba ni zuwa! Yaro ya kira uwarsa, ni in je in ce masa me? Ke kuma, Safara'u, shekara nawa ina ce miki wannan kunya taki ta wuce ta mutane? A gaban Balarabe ma? Surukinki ne shi?"

Safara'u ta bar ta ta gama. Sannan ta ce, "Adda, wata na uku ke nan yana kwance, babu nasa ko ɗaya da zai juya shi. A rubuta ki."

Malam Adamu ya rubuta. Sai da aka yi mako shida amsa ta zo, mako shidan da Safara'u ta ƙona kifi fiye da wanda ta ƙona tun da ta fara banda. Ranar da Dije ta tsaya a bakin tagar, tun kafin tafinta ya rufe baki ta faɗi sunan yaron, da na ubansa, da na kakansa, ta ƙara da cewa akwai tabon ƙuna a cinyarsa ta hagu in suna son shaida. Nan take aka buga mata.

Safara'u ta raka su har Kwanar Dangora. Mota ta cika, direba na ta hon, Dije ta leƙo ta taga. "To, me zan ce masa?"

Ga Wada a tsaye, ga fasinjoji na kallo. Safara'u ta gyara mayafi. "Ki ce ana gaishe shi."

"Shi ke nan?"

"Ki ce ana yi masa sannu."

Dije ta yi tsaki, idonta ya ciko, mota ta tashi.

Kwana goma sha tara Dije ta yi a gefen gadonsa, a na ashirin ya cika. A can aka binne shi. Da ta dawo, a gidanta aka yi zaman makoki, don nan aka san gidansu yake. Masu ta'aziyya suna ta cewa ya dace, ya kwanta a ƙasa mai tsarki, Safara'u tana amsawa da haka ne, tana kai ruwa, tana tuƙa tuwon baƙi. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, ba ta kuwa yi ba. Tsofaffi suka yi ta yaba dauriyarta, har ana cewa 'yan matan yanzu su zo su ga yadda ake yi. Da sun zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ba ta tambayi Dije komai ba sai bayan sadakar arba'in. Wata safiya Dije ta zago bayan ɗaki ta same ta tana jera kifi a kan murhu, babu kowa sai su biyu. Safara'u ba ta ɗago ba.

"Adda, ya tambaya?"

"Ya tambaya. Ina shiga ya ce Gwaggo, sai ya riƙa leƙen bayana."

"Me kika ce?"

"Na so in ce ba ki da lafiya. Amma kin san bakina, ba ya riƙe ƙarya. Na faɗa masa yadda aka yi, tun daga sunan suruki har ɗan Adda Dije."

Safara'u ta juya kifi ɗaya, ta sake juya shi. "Ya yi fushi?"

"Dariya ya yi, har malamar asibiti ta leƙo. Ya ce, Inna ke nan." Dije ta zauna a kan turmi. Sannan ta ci gaba. "Kashegari ina ba shi ruwa da cokali, sai ya ce, Gwaggo, kada ki ji haushi da ban sa sunanki ba tun farko. Na san in an je ofis sai an tambaye ta ko ni ɗanta ne. Na ce ko ban ji da kunnena ba, a dai zo a ce mini ta faɗa."

Hayaƙi ya ci gaba da tashi. Safara'u ta ajiye kifin da ke hannunta, ta goge hannu a zani, hawayen da ta riƙe kwana arba'in suka sauko ba ta share ba. Ta buɗe baki. Dije ta tsura mata ido tana jira, babu Wada, babu tafinta, babu kowa.

"Allah ya ji ƙan yaronki, Adda," in ji Safara'u.

Dije ta ce amin.